Yadda Ake Tara Faifan Jaz a Kano, Daga Waya Zuwa Garmaho

Kusan duk wanda ya shigo ɗakina ya ga faya-fayan da ke jere a kanta, tambaya ɗaya yake yi: ta ina ake farawa? Wasu a majalisa suke tare ni, wasu su kira a waya, yawancinsu matasa ne da suka ci karo da kiɗan jaz, wanda ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, a intanet ya shiga ransu. Amsata ba ta canzawa. Kunne ake fara horarwa, sannan a gyara wuta, sannan a nemi inji, faifai shi ne na ƙarshe. Asarar da na gani a wannan harka kusan duk daga juya wannan tsari ta zo: mutum ya sayi faifai goma ba shi da abin sa su, ko ya sayi garmaho mai tsada ya jona shi kai tsaye a bango, wuta ta dawo da ƙarfi ta cinye shi a mako na biyu. Ga yadda za ka bi.

1. Fara da wayar da ke hannunka

Wata ukun farko kada ka kashe kuɗi a kan komai sai data da hedifon mai kyau. Spotify ya fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2021, ga Apple Music, ga YouTube Music, kuma kusan duk manyan kundayen jaz daga shekarun 1950 zuwa yau suna cikinsu.

Yi lissafin datarka tun kafin ta yi maka. Sauti mai ingancin kilobit 320 a daƙiƙa yana cin megabait 144 a awa. Idan ka sauko 160 zai ci 72, a 96 kuma kusan 43. Kundin jaz na faifai guda yakan kai minti 40 zuwa 45, wato gigabait ɗaya zai ba ka kusan kundi goma a ingancin 320. Sautin da ba a matse ba, irin na faifan CD, yana cin fiye da ninki huɗu na wannan. Shiga saitin manhajar ka sa ingancin saukewa a sama, na sauraro kai tsaye a ƙasa, sannan ka riƙa sauke kundaye da datar dare ko inda ka samu Wi-Fi. Kada ka saurari kiɗa ta bidiyo alhali sauti kawai kake so, hoton ne ke shanye datar.

Gargaɗi: abin da ka sauke a manhaja haya ce, ba mallakarka ba ce. Ranar da kuɗin watanka ya ƙare za a kulle shi, kuma Spotify yana so ka hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya ɓace. Idan kana son fayil ya zama naka har abada, Bandcamp ne wurin saye, yana ba ka FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba a rage ingancinsa ba, ka ajiye inda ka ga dama, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin yana isa ga makaɗin ko kamfaninsa. Ba kowane katin naira ne ke wucewa a shafukan waje ba, saboda haka tambayi bankinka tukuna. Masu turi na bakin kasuwa sun fi arha, na sani, amma sau da yawa sunayen a cakuɗe suke, sautin a matse, kuma ko kwabo ba ya kaiwa ga wanda ya yi kiɗan.

2. Bi sunayen makaɗa

Kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Kundin jaz a jere ake jin sa daga farko zuwa ƙarshe, yadda aka tsara shi. Da ka ji wanda ya kama ka, buɗe wurin da aka rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin. Wannan ita ce taswirarka.

Ɗauki Kind of Blue na Miles Davis, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1959. A cikinsa akwai John Coltrane da Cannonball Adderley a kan saksofon, Bill Evans a fiyano, Wynton Kelly ya karɓe shi a waƙa ɗaya, Paul Chambers a bas, wato babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti, Jimmy Cobb a ganguna. Kowane ɗayansu ƙofa ce. In fiyanon ne ya fi taɓa ka, bi Evans cikin kundayensa. In busar Coltrane ce, za ta kai ka har A Love Supreme da aka ɗauka a Disamban 1964. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta sunan kundi, shekarar ɗauka, da wanda ya fi burge ka a ciki. Lura da cewa shekarar da manhaja ke nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce, ba ta ɗauka ba.

Kada kuma ka ɗauka kiɗan nan ba shi da hanyar da ta biyo ta gidanmu. Yusef Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. Art Blakey ya yi The African Beat a 1962 tare da makaɗin Najeriya Solomon Ilori. Tony Allen, wanda ya yi wa Fela kiɗan ganga shekara da shekaru, ya fitar da The Source a kamfanin Blue Note a 2017. Kunnen da ya tashi da kalangu da kotso ba baƙo ba ne a wurin amsa-amo tsakanin ganga da busa, shi ya sa nake tura sabon shiga can da wuri.

3. Sabon kundi, ji uku kafin hukunci

A nan ne musu ya fi zafi a majalisarmu. Dattawanmu na ganin an gama jaz tun shekarun 1960, samari kuma na cewa abin da ake yi a Landan yanzu ya fi rai. Lokacin da Ezra Collective, ƙungiyar Landan da 'yan'uwa biyu 'yan asalin Najeriya, Femi da TJ Koleoso, ke cikinta, ta ci kyautar Mercury, wadda ake ba gwarzon kundin shekara a Birtaniya, a 2023, mun kwashe dare biyu ana ja-in-ja a kan ko abin nasu jaz ne ko afrobit ne da aka sa wa busa. Ni ina tare da samarin a wannan, domin ana jin makaɗan suna sauraron juna suna amsa wa juna, kuma abin da nake nema ke nan.

Dokar da muka sa wa kanmu ita ce babu mai yanke hukunci sai ya ji kundi sau uku a ranaku daban. Ji na farko a bar shi ya wuce. A na biyu a bi ganga da bas kaɗai. A na uku a bi mai busa ko mai fiyano, a ga ko yana da abin faɗa ko maimaita darasi yake yi. Duba kuma ko sabon da gaske sabo ne, don akwai tsohon ɗauka da ake tonowa: Both Directions at Once na Coltrane a 1963 aka ɗauke shi, sai 2018 ya fito.

Gargaɗi: jerin waƙoƙin da ake yi wa laƙabi da jaz na hutawa ko na karatu sun cika manhajoji. Idan ka duba babu sunan mai ganga, babu na mai bas, babu wurin ɗauka, wuce shi. Kundin da ya tsallake ji uku, har ka wayi gari kana marmarinsa, shi ne ya cancanci ka nema a faifai.

4. Gyara wuta

Wutar Najeriya bolt 230 ce, mai bugun 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce mai bugun 60, ta Japan 100. Duk kayan sautin da za ka saya, juya bayansa ka karanta abin da aka rubuta kusa da igiyar wuta kafin a jona. Na Ingila da sauran Turai sun dace da tamu. Na Amurka da Japan sai da taransifoma mai rage wuta, in ba su da maɓallin sauyawa.

Sayi sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, wadda ke dakatawa kaɗan bayan an dawo da wuta kafin ta saki. In da inbata kake amfani, mai tsaftataccen bugu ake so, ƙaramar mai arha tana sa sifika ƙugi. Ƙaramin janareta kuwa bugunsa hawa da sauka yake yi, kuma wasu injinan faifai za su bi shi, ka ji fiyano yana rawa kamar mai jin sanyi. Idan ka gama sauraro, zare filogi daga bango gaba ɗaya, musamman da damina.

5. Zaɓen garmaho

In kuɗinka kashi goma ne, ba inji huɗu, amfilifaya da sifika uku, wuta ɗaya, allura da kayan wanki ɗaya, faifai ɗaya. Mutane kan yi mamakin wannan rabo, amma faifai a hankali ake tara shi, inji kuwa sau ɗaya ake so a saya.

A wajen masu tsofaffin kayan lantarki na Sabon Gari da masu gyaran rediyo ake samun na hannu. Tsofaffin injinan Japan irin Technics da Pioneer da Sony masu juya faranti kai tsaye, ba tare da bel ba, su na fi so wa Kano, don zafinmu yana saki bel ɗin roba, kuma masu alamar Quartz ba ruwansu da rawar wutar janareta. Cikin sababbi, Audio-Technica AT-LP60 ya isa mai farawa. Guji ƙananan nan masu kama da jakar hannu da sifika a jikinsu. Allurarsu tana danna faifai da nauyi, sautinsu kuma siriri ne.

Kada ka biya sai an kunna a gabanka, kuma ka tafi da faifan gwaji. Ga awon da ba ya buƙatar komai sai agogon waya: manna 'yar takarda a gefen faranti, sa gudu a 33, ka ƙirga. Faifan LP, wato babban faifai mai ɗauke da kundi, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, wato sau 100 cif a minti uku. Idan ka samu kusan 83, injin na ƙasar bugu 60 ne mai bin bugun wuta, kuma taransifoma ba za ta gyara wannan ba, ajiye shi. Ɗaga hannun allurar ka kai shi tsakiya ka dawo, ya kamata ya tafi sumul ba tare da cijewa ko girgiɗi ba. Saurari sifika biyun, dama da hagu, duk su yi magana. Tambayi sunan kan allurar ka duba ko har yanzu ana sayar da irin allurarsa, don in babu, ka sayi kayan ado.

Gargaɗi: sautin da ke fitowa daga allura ƙanƙane ne ƙwarai. Sai amfilifayarka tana da mashiga da aka rubuta PHONO, ko injin yana da ƙaramin mai ƙara sauti a cikinsa, ko ka sayi na waje. In ka jona a mashigar AUX haka kawai, za ka ji sauti can ƙasa ba nauyi, ka zaci injin ne ya lalace. 'Yar siririyar wayar da ke tare da igiyoyin sauti kuma ta ƙasa ce, ɗaure ta a kusar da ke bayan amfilifaya, ƙugin zai ɗauke.

6. Saita hannu da allura

Injin hannu na biyu, sauya masa allura ranar da ya shigo gida, ko da mai shi ya rantse sabuwa ce. Allurar da ta cinye tana yanka faifai, kuma abin da ta yanka ba ya dawowa. Yawanci ana sauya ta bayan awa 500 zuwa 1,000 na sauraro.

Ɗora injin a tebur mai nauyi, ka ari ma'aunin daidaito na magina ka tabbatar bai karkata ba. Kada sifika ta zauna a tebur ɗaya da shi. Sannan ka juya nauyin da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Mai da zoben lambobi kan sifili ba tare da ka motsa nauyin ba, sai ka juya su tare zuwa abin da kamfanin allurar ya ce, galibi giram 1.5 zuwa 2.5. Ƙaramin maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki, sa shi a lamba ɗaya da wannan. Rage nauyi fiye da ƙima ba tausayin faifai ba ne, allurar za ta riƙa tsalle a cikin tsaga, wato siririn layin da take bi a jikin faifai, tana dukan bangonta. Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan allura in tana tsallake ita ma ta kashe faya-fayai da yawa a garin nan. In tana tsallake, datti ne ko saiti, su za ka gyara.

7. Neman faifai

Faifan jaz a Kano a ɗakunan ajiya yake, cikin akwatunan tsofaffin ma'aikata da malaman jami'a da waɗanda suka yi karatu a waje, a Nasarawa da Bompai da Sabon Gari da cikin gari. Hanyar isa gare shi baki ce. Gaya wa mai gyaran rediyon unguwarku, gaya wa dillalan kayan gida, ka ba 'yan gwangwan lambarka ka nuna musu hoton abin da kake nema, ka yi alkawarin za ka biya fiye da kuɗin kilo. Za a kawo maka tarkace da yawa kafin a kawo na kirki. A cikin buhu ɗaya za ka ga hailaif da juju da waƙoƙin Indiya, wani lokaci har da na Shata. Kada ka watsar da su, akwai masu nema, kuma musanya rabin wannan harka ce.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne amana. An taɓa kai ni gidan wata dattijuwa da maigidanta ya rasu ya bar akwati biyu. Na durƙusa na gaishe ta, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, na yi ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunan marigayin da shekarar saye a bayan kwali da jan biro. Ta ce, "Ɗan nan, kwashe su duka ka ba ni abin da ya sawwaƙa, dama 'yan gwangwan zan kira." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, guda uku a nan sun fi sauran duka daraja, bari in nuna miki." Na buɗe Discogs a waya, inda ake ganin mafi ƙarancin farashin da aka taɓa sayar da faifai da matsakaici da mafi tsada, na nuna wa ɗanta. Biyu na iya saya a ranar. Na ukun ta ce za ta riƙe, don shi ne wanda Alhaji ke sawa da yammacin Juma'a. Kayan gado ne, akwai haƙƙin magada a ciki, ka tabbata mai sayarwa yana da izinin sayarwa.

In daga waje za ka yi oda, sabon faifai yakan kama dala 25 zuwa 40, kuma kuɗin aikowa na iya kamo kuɗin faifan. Gara ka tara oda ka roƙi mai dawowa daga tafiya ya riƙo maka a jakar hannu. Kada ka ɗimauce da neman bugun farko. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu tara faifai ke yaba wa, ya daɗe yana bi ta kwafin dijital wajen yanka faya-fayansa, kuma masu kunnen da ake ji da su sun yi shekaru suna yabon sautin ba tare da sun gane ba. Sabon bugu mai tsafta ya fi tsohon da ya sha wuya daɗin ji.

8. Duba kafin ka biya

Zaro faifan ka riƙe shi ta gefe da tsakiya, yatsa kada ya taɓa tsaga. Karkata shi a hasken rana ko tocilan. Kwarzanen da farcenka ke ji, allura ma za ta ji. In tsagar ta yi fari-fari ta dushe, an cinye ta da muguwar allura, wanki ba zai yi magani ba. Ɗaga shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. Karanta takardar tsakiya ka gwada da kwalin, don sau da yawa faifai yana cikin rigar wani. A shafukan waje, NM na nufin kusan sabo, VG+ mai ɗan alamar amfani, VG kuma za ka ji ƙaras-ƙaras. Jaz yana da wuraren shiru da yawa, saboda haka kada ka sauka ƙasa da VG+ in kiɗan fiyano ne.

Gargaɗi: faifai mai nauyi da tauri mai gudun 78 ba roba ba ne, yana fashewa kamar tangaran, kuma allurarsa daban ce, mai kauri.

9. Wanki

Duk faifan da ya shigo sai an wanke shi kafin ya ga allura. Ruwan da aka tace ta tururi ake so, ana samu a wajen masu sayar da kayan asibiti da na gwaje-gwaje. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a tsaga. Ruwan batir na bakin titi kada ka yarda da shi, wani da asid a ciki. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa ya isa lita guda. Jiƙa ƙyalle mai laushi marar gashi, ka bi tsagar a zagaye, kada ka ratsa ta, kuma ka kiyaye takardar tsakiya. Ɗauraye da tataccen ruwa zalla, ka jingine shi a inuwa cikin ɗaki har ya bushe sarai. Ban da kananzir, ban da garin sabulu, sifirit kuma yana narkar da faifan 78.

Da hunturu iska ta bushe, faifai yana jan ƙura kamar maganaɗisu. Samu burushin faifai mai laushi ka share kowane gefe kafin ka sa, allurar ma ka share ta daga baya zuwa gaba.

10. Ajiya

A tsaye ake ajiye faifai kamar littafi, ba a kwance wani kan wani ba, kuma kada ya jingina a karkace. Nisanta kantar daga taga da bangon da ranar yamma ke duka, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ruwan da ke shigowa a watan Agusta. Ɗakin da ba shi da silin a ƙarƙashin kwano bai dace ba. Sauya tsofaffin rigunan takarda da sababbi masu leda a ciki.

Zafin Afrilu da Mayu a Kano yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Wani faifan Blakey da na yi shekara biyu ina nema, na same shi da hantsi, na bar shi a kujerar baya na shiga Kantin Kwari. Awa ɗaya da rabi na yi. Na dawo na tarar ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi. Har yau kwalin na nan a kantata. In ka sayi faifai, gida za ka wuce kai tsaye.

11. Kwafa zuwa kwamfuta

Faifan da ba ya cikin kowace manhaja, musamman bugun Najeriya, yi masa kwafi don amfanin kanka. Kana buƙatar ƙaramin akwatin sauti mai USB tsakanin amfilifaya da kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. Sa awon ɗauka a 44,100, ka nemi wurin da kiɗan ya fi ƙarfi ka daidaita shi ya tsaya wajen -6, kada ya taɓa ja. Zare cajar laftof ka yi aikin da batir, yana rage ƙugi, kuma ɗaukewar wuta ba za ta katse fayil ɗin ba. Ɗauki gefe guda a tafi ɗaya, ka yanka shi waƙa-waƙa daga baya, ka adana a FLAC. Rubuta sunayen makaɗa da shekara da lambar kamfani a jikin fayil tun kwalin yana gabanka, ka ɗauki hoton gaba da baya. Ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar waje, na ukun kuma a filash ka kai gidan wani ɗan'uwa.